Ɗan Kafinta da Labarin Aruna

1. Ƙyaure ya zama tebur

A unguwar Zango ta Damagaram akwai wani kafinta. Yana yin ƙyamare, da tagogi, da bencina, da allunan makaranta. A bayan rumfarsa akwai wani tsohon ƙyaure da aka kawo gyara, mai shi bai sake dawowa ba. Ɗan kafintan, yaro ɗan shekara goma sha biyu, shi ne ya fara ganin amfanin ƙyauren nan.

Wata rana da la'asar ya kira abokansa. Suka jera tubali, suka ɗora ƙyauren a bisa. Suka tsai da wani siririn katako a tsakiya, ya zama raga. Suka yanki guntayen falanki, suka yi musu hannu, suka zama mabugai. Suka haɗa dala-dala, suka sayo ƙwallo ɗaya a kasuwar Dole. Ke nan ƙwallon tebur ya shigo unguwa. Yaran suna ce masa pin-pon.

Ƙwallon ba shi da nauyi ko kaɗan. In iskar hunturu ta taso, sai ta kwashe shi ta kai shi gidan maƙwabta. In wani ya taka shi ya lotsa, sai su tsoma shi cikin ruwan zafi ya koma daidai. Duk da haka ba su fasa ba.

Kafin wata uku ɗan kafinta ya fi kowa. Ya cinye sa'o'insa, ya cinye yayyensa, har da wani mai gyaran keke da ya ce zai gwada. Yara suka sa masa suna Sarkin Ƙyaure. Kansa ya yi girma. Wata rana ya ce wa ubansa: "Baba, in na girma wannan ce sana'ata. Lakwal ma ba dole ba ce."

Uban bai ɗaga kai daga aikinsa ba. Ya ce: "Wasa ba ya ci da gida. Miƙo mini zarto."

2. Ranar da aka cinye sarki

Ana nan sai yaron ya ji labarin akwai tebur na gaske a cikin gari. Ya ɗauki mabuginsa na falanki, abokai uku suka raka shi. Suka tarad da tebur kore, mai faɗi, da raga ta zare. Wani yaro ƙarami, wanda bai kai shi tsawo ba, ya ce su gwada. Mabugin yaron yana da roba, gefe ɗaya ja, gefe ɗaya baƙi.

Aka fara. Ƙaramin yaron ya shafi ƙwallo a hankali. Sarkin Ƙyaure ya tare, sai ƙwallon ya zille ya yi gefe. Ya sake tarewa, ƙwallon ya faɗa raga. Ya buga da ƙarfi, ƙwallon ya wuce tebur. Turmi na farko 11 da 2. Na biyu 11 da 1. Na uku 11 da 3. Abokansa suka yi shiru, ba wanda ya dube shi.

Da ya komo gida ya jefa mabugin cikin tarin sassaƙe. Ya ƙi cin tuwo. Ran nan kawunsa ya sauka. Kawun direban babbar mota ne, yana zuwa Kano, yana zuwa Ikko. Ya ce: "Me ya sami Sarkin Ƙyaure?"

"An cinye ni, Kawu. Ƙaramin yaro ne ma. Na bar wasan."

"Wa ya fi ka a Zango?"

"Babu."

"To, me ka koya a wurin waɗanda ka ke cinyewa kullum?"

Yaron ya rasa amsa. Kawu ya fid da salularsa, ya nuna masa wani ƙaƙƙarfan mutum yana wasa, jama'a cike da ɗaki suna ihu. Ya ce: "Ka ga wannan? Sunansa Aruna. Wasan nan shi ne sana'arsa, da shi ya ke ci da iyalinsa. Amma ranakun da duniya ta san shi, cinye shi aka yi a ƙarshensu."

Ga labarin wasan, da na mutumin da Kawu ya nuna.

3. Wasan da ƙa'idojinsa

An fara ƙwallon tebur a Ingila wajen shekarun 1880, a bisa teburin cin abinci. A 1926 aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya, aka yi gasar duniya ta farko a Landan. A wannan shekara ce Turawan mulki suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Wasan bai shiga Olamfik ba sai a 1988, a birnin Seul na Koriya ta Kudu.

Tsawon tebur mita 2 ne da santimita 74. Faɗinsa santimita 152 da rabi. Bisansa daga ƙasa santimita 76. Raga santimita 15 da rubu'i. Kaurin ƙwallo milimita 40, nauyinsa giram 2,7. Da ana ƙirga maki 21 a turmi, amma tun 2001 aka mai da shi 11. In aka yi 10 da 10, sai wani ya wuce ɗan'uwansa da maki biyu. A manyan gasa, wanda ya riga cin turmi huɗu shi ne ya yi nasara.

Asirin wasan yana cikin robar mabugi. Roba tana kama ƙwallo ta sa shi ya riƙa juyawa yana tafe. In ya juya gaba, yana taɓa tebur sai ya zabura. In ya juya baya, sai ya nutse cikin raga daga mabugin mai tarewa. In ya juya gefe, sai ya zille. Falanki tsirara ba ya juya ƙwallo sosai, shi ya sa yaran Zango ba su taɓa gamuwa da wannan ba. Gwani yana duban hannun abokin wasansa, ya gane yadda ƙwallo zai juya tun bai iso ba. Ba a koyon haka sai a gaban wanda ya iya.

4. Daga Oyo zuwa tsibiri

An haifi Quadri Aruna ran 9 ga Agusta 1988 a garin Oyo, a ƙasar Yarabawa ta Nijeriya. Oyo tsohuwar masarauta ce kamar Damagaram, sarkinta ana ce masa Alafin. Sunan mutumin ba baƙo ba ne ga Bahaushe: Aruna shi ne Haruna a bakin Yarabawa, Quadri kuma daga Abdulƙadir aka gutsuro shi. Shekarar da aka haife shi, ita ce shekarar da wasan ya shiga Olamfik.

Ya fara wasa tun yana yaro, irin wasan unguwa. Daga nan ya shiga gasar yara, ya shiga ta manya, har aka sa shi cikin 'yan wasan ƙasa. Ya tarad da manya a gabansa. Babbansu shi ne Segun Toriola, wanda ya je Olamfik sau bakwai, daga 1992 zuwa 2016. A cikin mata akwai Funke Oshonaike, ita ma sau bakwai ta je, daga 1996 zuwa wasannin Tokiyo da aka yi a 2021. Wasan na maza ne da mata duka.

Da ya so, da ya zauna gida ana yi masa kirari. Amma a gida wasan ba ya biyan mai shi kuɗin da zai riƙe shi, kuma waɗanda suka fi shi ba su da yawa. Wajen 2010 ya tafi ƙasar Fotigal. Ya yi wasa a wata ƙungiya mai suna Toledos, a tsibirin Piko, can tsakiyar tekun Atlantika. Wanda ya tashi cikin hayaniyar garin Yarabawa, ga shi a ƙaramin tsibiri, ruwa ta kowane gefe, ga baƙon harshe, ga baƙon abinci.

Yadda sana'ar ta ke shi ne, ƙungiya tana ɗaukar ɗan wasa da yarjejeniya ta shekara ɗaya ko biyu, tana biyansa albashi. Shi kuma yana yi mata wasa da sauran ƙungiyoyi. Tsakanin wasa da wasa sai horo, safe da yamma, kusan kullum. Ana maimaita bugu iri ɗaya sau ɗaruruwa, har hannu ya riƙa yin sa ba tare da tunani ba. Ana gudu, ana ƙarfafa ƙafafu da ƙugu, don ƙarfin bugu daga can ya ke tasowa. In ɗan wasa ya yi suna, masu ƙera mabugai su ma suna biyansa don ya yi wasa da kayansu. In kuwa ya yi ta faɗuwa, ko ya ji ciwo, yarjejeniya ta ƙare ba a sabunta ba, sai ya nemi wani wuri.

A 2012 Aruna ya je Olamfik a Landan. Bai yi nisa ba aka fid da shi. Ya koma teburin horo.

5. Ranaku biyu

Ana jera sunayen 'yan wasan duniya bisa ga ƙoƙarinsu. A farkon 2014 sunan Aruna bai shiga cikin 200 na farko ba. A shekarar nan ya ci kofin Afirka, wannan ya ba shi damar zuwa gasar Kofin Duniya a birnin Dusaldof na Jamus. Ba wanda ya sa shi a lissafi. Sai ga shi yana ka da waɗanda suka fi shi suna, ɗaya bayan ɗaya, har ya shiga cikin mutum takwas na ƙarshe. Nan ya gamu da Zhang Jike na ƙasar Sin, wanda ya ci zinariya a Olamfik ta 2012. Aruna ya ci turmi biyu, Zhang Jike ya ci huɗu. Aka fid da Aruna, Zhang Jike ya wuce ya ɗauki kofi.

An cinye shi, amma duniya ta ga hannunsa. Ta ga bugunsa na dama mai ƙarfi, wanda ya ke yi da dukan jikinsa. Kafin shekara ta ƙare sunansa ya hau zuwa na 30. Ƙungiyar wasan ta duniya ta ba shi lambar gwarzon shekarar 2014 na maza. A 2015 babbar ƙungiyar Sporting ta birnin Lisbon ta ɗauke shi.

Rana ta biyu ta zo a 2016, a Olamfik ta birnin Riyo, ƙasar Barazil. Aruna ya cinye Chuang Chih-yuan na Taiwan turmi 4 da babu. Ya gamu da Timo Boll na Jamus, mutumin da ya taɓa zama na ɗaya a duniya, ya cinye shi 4 da 2. Da wannan ya shiga cikin takwas na ƙarshe. Kafin shi ba wani ɗan Afirka da ya taɓa kai wa nan a ƙwallon tebur na Olamfik.

Ran 9 ga Agusta, ranar da ya cika shekara 28, ya tsaya gaban Ma Long na Sin, na ɗaya a duniya. Ma Long ya cinye shi turmi 4 da babu, ya wuce ya ci zinariya. Aruna ya komo ba shi da lamba ko ta tagulla.

A wasannin nan na Riyo Nijar ma ta yi farin ciki. Abdurrazak Isufu Alfaga ya kai wasan ƙarshe a taikwando. Shi ma an rinjaye shi a ƙarshen, ya komo da azurfa. Ita ce lambar Olamfik ta biyu da Nijar ta samu, bayan tagullar da Isaka Dabore ya ci a damben Turawa a birnin Munik a 1972. Shekara ɗaya bayan faɗuwarsa, a 2017, Alfaga ya zama gwarzon duniya.

6. Bayan Riyo

Aruna bai tsaya ba. A 2017 ya ci gasar ƙasar Polan. A 2018 ya kai wasan ƙarshe a gasar ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Ostireliya, ya sami azurfa. A 2020 ya koma wata ƙungiya ta garin Fulda a Jamus, inda gasar ƙungiyoyi ta fi ta Fotigal zafi. Wato ya sake barin inda ya ke gwani, ya tafi inda za a wahal da shi. A 2021, a gasar duniya ta birnin Hustan na Amurka, ya sake shiga cikin takwas na ƙarshe, wani saurayi ɗan Suwidin ya fid da shi. A 2022 sunansa ya kai na 10 a duniya. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi.

Ba kullum ake dacewa ba. A Olamfik ta Tokiyo, da ta Faris a 2024, tun wasansa na farko aka fid da shi. Amma hanyar da ya share ba ta toshe ba. Umar Assar na Masar, babban abokin hamayyarsa a Afirka, ya shiga cikin takwas na ƙarshe a Tokiyo, ya sake shiga a Faris.

In an duba, daga haihuwarsa zuwa Riyo shekara 28 ne. Daga barinsa gida zuwa hawansa na 10, wajen shekara 12. Yaran da suka fara wasa tare da shi a Oyo suna da yawa. Mafi yawansu wata sana'a suka kama, don ba kowa wasan ke ɗauka ba. Wanda ya ɗauka ma, ƙarfi yana ƙarewa, dole ya tanadi abin yi na gaba. Kuma duk tsawon hanyar yana bukatar karatu: zai karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu, zai lissafa kuɗinsa, zai yi magana da mutanen da ba su jin harshensa.

7. Awon kafinta

Kafinta yana zaune a gefe, yana wasa ƙarfen fararsa a bisa dutse. An ɗauka ba ya saurare. Da Kawu ya yi shiru sai ya ce: "Ashe shi ma sai da ya yi zaman koyo. Ni shekara bakwai na yi ina share rumfar maigidana. Ƙyauren da na fara yi ya ƙi rufuwa. Ya sa na kwance shi sau uku."

Ya dubi ɗansa ya ce: "Nawa ne tsawon teburin na gaske?"

"Santimita 274, Baba."

"In za a yi shi gida biyu, don a iya ɗauka a jingine, nawa ne kowane gida?"

Yaron ya duƙa, ya rubuta a ƙasa da yatsa. Ya ce: "137."

"A ina ka koyi rabawa?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce: "A lakwal."

"To. Ban ce wasa zai ci da kai ba, ban ce ba zai ci da kai ba. Allah ne ya san wannan. Zan yi muku tebur, amma kai za ka auna, kai za ka goge. Ranar da malaminku ya ce ba ka zo ba, ranar nan teburin zai koma ƙyaure, in sayar."

Kawu ya yi dariya, ya ce in ya komo daga Kano zai kawo mabugi mai roba.

Yaron bai jira Kano ba. Da safe ya tono mabuginsa daga cikin sassaƙe, ya kaɗe shi. Ran da babu makaranta ya koma cikin gari, shi kaɗai. Ya sami ƙaramin yaron nan, ya gaishe shi, ya roƙe shi ya nuna masa yadda ya ke shafar ƙwallo. Yaron ya nuna masa sau goma, a hankali. Sa'an nan suka yi turmi uku. Aka cinye ɗan kafinta 11 da 4, 11 da 3, 11 da 6.

Ya komo Zango da magariba. Abokansa suka tare shi suna tambaya ko ya rama. Ya ce: "A'a. Amma na ci shida. Jibi zan koma."

Kalmomi

Mabugi: faifan katako mai hannu da ake buga ƙwallo da shi.
Turmi: kashi ɗaya na wasa, mai maki 11.
Yarjejeniya: takardar da ke faɗin aikin da mutum zai yi da kuɗin da za a biya shi.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye.

Tambayoyi

1. Da me yaran Zango suka yi tebur, da raga, da mabugai?
2. Don me ƙwallo ya riƙa zillewa daga mabugin ɗan kafinta?
3. Me ya sa Aruna ya bar gida ya tafi Fotigal?
4. Wa ya fid da Aruna a 2014? Wa ya fid da shi a 2016?
5. Waɗanne 'yan Nijar biyu ne suka ci lamba a Olamfik? A waɗanne shekaru?
6. Wane sharaɗi kafinta ya kafa wa ɗansa?

Aiki

Ku ɗauki mita, ku zana teburin ƙwallo a filin makaranta da awonsa na gaskiya. Ku raba shi biyu, ku sa alamar inda raga za ta tsaya.